Fita waje karatun manufofin kiwon lafiya don yaƙi da palu (zazzaɓin cizon sauro): tambayoyin da ake ta yi mini

Tun da na dawo Maradi kusan duk sati sai wani ya tare ni da maganar nan, ko a fada wajen shayi, ko wajen suna, ko cikin dare a kira ni a ce yaya dan Allah minti biyar kawai, minti biyar ɗin ta koma awa guda. Yawanci yaran da suka gama lisans ne, da ma'aikatan ƙananan asibitocin nan na CSI da damina ta gajiyar, da 'yan fakulten likita na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ni dai ma'aikacin lafiya ne, na yi shekaru a ƙauye kafin Allah ya ba ni burs na je Turai na yi mastar, abin da na gani da wanda na sani shi zan faɗa.

Yaya, wai mi ake nufi da manufofin kiwon lafiya? Likita ake zama?

A'a, ba allura za a koya maka ba, ba fiɗa ba. Ka ɗauka yaro ya kwana da zafin jiki a wani ƙauye bayan Madarunfa. Ko uwarshi za ta kai shi gidan likita ko za ta saya mishi ƙwaya wajen mai tebur, ko in ta je za ta tarar da abin gwajin jini ko ya ƙare tun sati biyu, ko za a ce ta biya ko kyauta ne, ko in jikin ya yi tsanani akwai motar da za ta kai shi babban asibiti kuma wa zai zuba mata mai, duk waɗannan wani ne ya zauna a ofis ya yanke su, ko kuma ya kasa yankewa. To karatun manufofi karatun wannan yankewar ne: wa ke yin ta, da kuɗin wa, bisa wace hujja, kuma mi ya sa abin da aka rubuta a Yamai yake canza kama kafin ya iso Gidan Rumji.

Yawancin jami'o'i suna saka shi ƙarƙashin mastar ta lafiyar al'umma, wadda mu nan muke ce ma sante piblik, wasu kuma suna haɗa shi da tattalin arzikin lafiya.

To palu ba aikin likitoci da masu binciken sauro ba ne? Mi ɗan manufofi zai ƙara?

Tun 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin mara lafiya a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta cikin sauro. Maganin da ke warkarwa cikin kwana ukku muna da shi, abin gwaji na minti goma sha biyar muna da shi, sange mai magani muna da shi. Amma rahoton 2024 na OMS, hukumar lafiya ta duniya, ya ce a shekarar 2023 an samu kamuwa miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu, kashi 95 cikin ɗari a Afirka, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙasashe huɗu suka ɗauki sama da rabin mutuwar: Najeriya, Kwango Kinshasa, Nijar, Tanzaniya. Mu ne na ukku, da kusan kashi 6 cikin ɗari, duk da yawanmu bai kai ko kusa da na Najeriya ba.

Kenan ba rashin sanin cutar ke kashe yaranmu ba. Tsakanin magazan na magani a Yamai da bakin yaro a Dakoro ne abin yake zubewa, kuma wannan tsakanin shi ne gonar ɗan manufofi. Amsar da ke biye za ta nuna maka abin da nake nufi.

Ba mu misali na gida wanda za mu gane

CPS, maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara da damina. OMS ta ba da shawararshi a 2012 don ƙasashen Sahel inda palu ke zuwa da lokacinshi, Nijar ta fara a 2013. Yaro daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba, kowane zagaye kwana ukku ne: ranar farko mai rabo ke ba shi ƙwaya biyu a gabanshi, SP da amodiyakin, sai a bar ma uwa sauran amodiyakin na kwana na biyu da na ukku. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai kuma gaskiya yana aiki, duk wanda ya yi damina a CSI kafin zuwanshi da bayan zuwanshi ba sai an faɗa mishi ba.

Amma wata shekara cikin watan Agusta na shiga wani gida bin sawu, na tambayi matar gidan ko ta ba yaron sauran maganin, ta ce e mana likita. Na ce to in ga kwalin. Ta shiga ɗaka ta buɗe wata kwalla da ke saman jere, sai ga kwali ukku, na yara ukku, kowanne da ƙwayoyinshi biyu ba a taɓa ba. Ta ce ai lafiyarsu lau, na aje ne sai ranar da suka kwanta. Wallahi ban ga wautarta ba, a tunaninta magani na mara lafiya ne, kuma ta sha zuwa asibiti a ce babu, to mi zai sa ta ɓata shi a kan yaron da ke wasa a tsakar gida? A rahotonmu na watan nan yaran ukku duk an rubuta sun samu. Har ma akwai wuraren da rahoto ke nuna an wuce kashi 100 cikin ɗari, saboda yawan yaran da ake lissafi da shi hasashe ne daga ƙidayar 2012, ga kuma masu tsallakowa daga ƙetaren iyaka.

To ka ga tambayoyin: a riƙa dawowa kwana ukkun duka, nawa zai ci? A canza yadda ake bayani, ta bakin wa, liman ko ungozoma ko mai gari? A ƙara zagaye na biyar inda ruwa ke daɗewa? A haɗa da yaran da suka wuce shekara 5? A 2022 OMS ta sassauta ta bar ma kowace ƙasa ta daidaita yawan zagaye da shekarun yara daidai da halinta, ma'ana an dawo mana da ƙwallon, sai mun samu mutanenmu da suka iya lissafin nan da kansu.

Dole sai an fita waje? Nan gida ba a koyarwa?

Ba dole ba ne, kuma waje ba Turai kaɗai ake nufi ba. Ana karatun lafiyar al'umma a Yamai. Akwai IRSP a Wida ta ƙasar Benin, akwai ISED a jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, akwai jami'ar Senghor a Iskandariyya ta Masar da ke koyarwa da faransanci kuma tana da sashen lafiya. In binciken palu ne zalla, Bamako tana da MRTC, cibiyar da marigayi Farfesa Ogobara Doumbo ya ɗaga har duniya ta san ta. Ga kuma Zariya da Kano a bayan gidanmu in kana da turanci.

Abin da fita ke ƙara maka a gani na abu ukku ne, ɗakin karatu da ba ya ƙarewa, malaman da su ne ke zama a kwamitocin da ke rubuta ƙa'idojin duniya, sai kuma 'yan ajinku. Na ukkun nan ya fi mini amfani, domin a aji ɗaya ka zauna da wadda ta yi rabon sange a Malawi da wanda ya yi aikin inshorar lafiya a Ghana, ku kwana kuna gardama. Abin da fita ba ta ba ka shi ne sanin gida, wannan sai dai ka tafi da shi a jaka.

Waɗanne makarantu ne suka yi suna a fannin?

A Ingila akwai makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, LSHTM, tana da mastar ta manufofi da tsarawa da kuɗin lafiya da suke yi tare da makarantar tattalin arziki ta Landan, LSE, sai ta Libaful wadda aka kafa tun 1898. A Beljiyam akwai cibiyar Anvers, da yawa daga cikin manyan ma'aikatan lafiya na Afirka ta Yamma can suka bi. A Suwizalan akwai Swiss TPH kusa da Basel, a Jamus Heidelberg, a Faransa ISPED a Bordo da EHESP a Ren. Wasu cikinsu, kamar ta Landan da ISPED, suna da karatu daga nesa ta intanet, wanda ya dace da mai iyali ko wanda biza ta hana, sai dai ka shirya ma wutar lantarki da kuɗin data. Kada sunan makaranta ya ruɗe ka, ka buɗe jerin darussan ka karanta ɗaya bayan ɗaya, in ba ka ga kuɗin lafiya da nazarin manufofi da binciken aiwatarwa (yadda tsari ke aiki a fili) a ciki ba to wani karatun ne daban.

Ni ba likita ba ne, sosiyoloji na karanta. Za su ɗauke ni?

Za su ɗauka. A ajinmu akwai masu tattalin arziki, akwai 'yar jarida, akwai mai ilimin ƙasa da taswira, akwai ungozoma. Matar nan mai kwalla da na ba da labari a sama, ɗan sosiyoloji ya fi likita saurin gane ta. Abin da suke dubawa shi ne lisans mai kyau, da aikin da ka taɓa yi a fili ko da na sa kai ne. In ba ka taɓa ba, shiga rabon CPS ko rabon sange ko wani bincike a matsayin mai tambaya, damina ɗaya ko biyu, ka karɓi takardar shaida ka aje.

Turanci fa? Mu lakkol ɗin faransanci muka yi

Nan ne da yawa ke zubewa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ko da faransanci za ka yi karatun, yawancin rubuce-rubucen bincike kan palu da turanci suke fitowa, ba makawa sai ka iya karanta su. Makarantun turanci suna neman jarrabawar IELTS ko TOEFL, yawanci maki 6.5 zuwa 7 a IELTS, kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu, kada ka rubuta da wuri ka zauna.

Mu 'yan Maradi muna da wata dama da muke rainawa. Daga nan zuwa Katsina ta Dan Isa da Jibiya ba wata tafiya ba ce, kusan kowa na da dangi ko abokin kasuwanci can. Amma turancin ciniki daban na jarrabawa daban. Ni abin da ya taimake ni shi ne na ɗauki rahoton OMS na palu, na faransanci da na turanci, ina karanta shafi nan shafi can kullum bayan asuba har wata shida, tunda na riga na san maganar sai kalmomin suka zauna da kansu.

Kuɗi fa yaya? Ina ake samun burs?

Da aljihunka ba za ka iya Ingila ba sai in mahaifinka babban alhaji ne, kuɗin makaranta kaɗai a manyan makarantunsu ya haura miliyan 15 na sefa a shekara, ban da ɗaki da abinci. Don haka burs ake nema. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana neman shekara biyu ta aiki kuma dole ka koma gida aƙalla shekara biyu bayan ka gama. DAAD ta Jamus tana da tsarin ƙasashe masu tasowa, ita ma shekara biyu ta aiki. ARES ta Beljiyam yawancin karatunta da faransanci ne. Akwai Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, akwai gidauniyar Mastercard da ke biya ta hannun wasu jami'o'i, akwai ta Bankin Musulunci, akwai ta gwamnatin Turkiyya wadda ake buɗewa farkon shekara kuma sai ka fara da shekara guda ta koyon harshensu. Shirin TDR na OMS yana biyan mastar kan binciken aiwatarwa a wasu jami'o'in ƙasashe masu tasowa, cikinsu har da ta Ghana, wannan kam kamar don mu aka yi shi. Guraben da ƙasashe irin su Maroko ke ba gwamnati kuma sai ka riƙa leƙa sanarwar ANAB, hukumar burs ta ƙasa.

Abu biyu. Na ɗaya, burs ɗin Commonwealth kada ka ɓata lokacinka, Nijar ba ta cikin ƙungiyar, abokanmu na Najeriya ne ke turo mana ita da kyakkyawar niyya. Na biyu, duk wanda ya ce ka turo jika hamsin ya sama maka gurbi, ɓarawo ne. Na san wanda ya sayar da rago biyu a kan haka.

Kuma ka sa a ranka za a ƙi ka. Ni sau ukku aka ƙi ni, a na huɗu aka ɗauka, abin da ya canza kuwa wasiƙa ce, duba amsa ta gaba.

Mi ake sawa cikin dosiye, kuma yaya ake rubuta wasiƙar nan ta neman gurbi?

Diplom da takardun maki tun daga bak, a fassara su wajen mai fassara da hukuma ta yarda da shi in makarantar turanci ce, takardun shaidar aiki, tarihin aiki, wasiƙu biyu ko ukku daga waɗanda suka san aikinka, sai wasiƙarka. Wajen masu ba da shaida, majon, wato shugaban CSI, da ka yi damina ukku ƙarƙashinshi ya fi babban darakta da bai san fuskarka ba, kuma ka sanar da su tun da wata guda, kada ka zo ranar rufewa kana ta kira.

Wasiƙata ta farko na fara ta ne da cewa palu babbar matsala ce a Afirka kuma burina in taimaki al'ummata. Mutanen da ke karantawa sun ga irin wannan sau dubu, su suka rubuta alƙaluman da kake kawo musu. A ta huɗun na fara da kwallar nan da kwali ukku, na ce na san abin da na gani amma ban iya auna girmanshi ba, ban iya lissafa kuɗin gyaranshi ba, ban san yadda ake sa ma'aikata ta saurara ba, waɗannan nake so a koya mini, na ambaci darussan da sunansu, na faɗi inda zan koma. Shi ke nan. Kowane ɗayanku da ya yi aiki a fili yana da irin wannan kwallar, sai dai ya raina ta.

Biza fa, a halin da ake ciki?

Ta yi wuya fiye da da. Bayan canjin mulki na Yuli 2023 dangantaka da Faransa ta lalace, ofishin jakadancinsu na Yamai ya rufe a Janairun 2024, saboda haka wanda ya sa ranshi a Bordo ko Ren sai ya yi tunani biyu ko ya duba karatun nesa. Wasu ƙasashen kuma dama sai ka je wata ƙasa maƙwabciya ka aje takardu, kuɗin mota da masauki daga aljihunka. Ka nemi wurare ukku ko huɗu a ƙasashe daban-daban, aƙalla ɗaya a cikin Afirka, kuma dokokin suna canzawa, ka tambayi makarantar kai tsaye a shekarar da kake nema.

In an je mi ake koyarwa, kuma mi ya fi wuya?

Ilimin yaɗuwar cuta, lissafin alƙaluma da manhajoji irin su R ko Stata, tattalin arzikin lafiya, yadda ake tara kuɗin lafiya a raba, binciken hira da mutane, da yadda ake rubuta ma minista shafi biyu da zai iya karantawa cikin mota. Lissafin ne ke tsorata mutane amma da naci ana wucewa.

Abin da ya fi ba ni wuya ni daban ne. Mu an raine mu a kan malam ya faɗa ka rubuta ka maido mishi ranar jarrabawa. Aikina na farko na zuba duk abin da malamar ta faɗa tsaf, aka ba ni maki na tsaka-tsaki, ta rubuta a gefe cewa ta san ra'ayinta, nawa take nema. Kwana biyu ina jin haushi. Sai kuma maganar kwafe, in ka ɗauko jimlar wani ba ka faɗi mai ita ba, can ba wasa ba ne, ana kora. Sanyi da duhun ƙarfe huɗu na yamma da kewar fura ban ma sa su a lissafi ba.

Wane batu zan ɗauka na memwar, wato binciken kammala mastar?

Wanda ka zo da shi daga gida. In ka je hannu rabbana za a ba ka alƙaluman wata ƙasa da ba ka taɓa gani ba, ka gama da maki mai kyau, ka dawo ba abin da za ka aje a teburin kowa. A jiharmu kaɗai batutuwa sun yi yawa. Mata masu ciki ya kamata su sha SP aƙalla sau ukku tun daga wata na huɗu, wata guda tsakani, mi ya sa ake samun na farko a rasa na ukku? Palu da tamowa lokaci ɗaya suke tashi, lokacin da rumbu ya ƙare gero bai nuna ba, yaya za a haɗa aikin biyu kada uwa ta yi layi biyu? Masu noman rani a Jiratawa da mazauna bakin tafkin Madarunfa, lokacin sauronsu ɗaya ne da na Bermo? Masu sayar da magani a tebur, tunda an kasa hana su, mi za a yi da su? Alƙaluman da muke shigarwa a manhajar bayanan lafiya ta DHIS2 ƙarshen wata, nawa ne gaskiya nawa ne cike gurbi?

Sai babban batun, kyautar magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka fara a 2006. Niyya mai kyau, ta kuma sa iyaye mata zuwa asibiti, amma kuɗin da ya kamata a maido ma cibiyoyin lafiya yana makara ƙwarai, cibiya ta kasa sayen magani, kyautar ta koma takardar saye a kanti. Masu bincike na LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa a Yamai, sun yi rubutu mai yawa a kai, ka karanta su kafin ka tafi.

Kafin ka tashi ka gaisa da mutanen PNLP, shirin ƙasa na yaƙi da palu, da na hukumar lafiya ta jiha, ka leƙa cibiyoyin bincike na Epicentre da ke nan Maradi da CERMES a Yamai. In bincikenka zai taɓa mutane ko bayanansu sai da izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa, kuma yana ɗaukar lokaci, mastar ta shekara guda ba ta jira.

Ai an samu rigakafi yanzu, ba an gama da palu ba kenan?

Ina fa. OMS ta amince da rigakafin RTS,S a Oktoban 2021, da na R21 a Oktoban 2023, wanda aka yi wani muhimmin gwajinshi a Nanoro ta Burkina Faso ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto. A gwajin da aka yi a Ghana da Kenya da Malawi tun 2019 mutuwar yaran da suka isa karɓa ta ragu da kashi 13 cikin ɗari, ba ƙaramin abu ba ne. Nijar ta fara a Gaya cikin Satumban 2024. Amma allura huɗu ce, ta huɗun sai yaro ya shiga shekara ta biyu, lokacin da uwa ta riga ta daina zuwa awo, wataƙila ma da wani cikin. Wa zai dawo da ita? Ka ga mun koma maganar kwalla.

Kuma rigakafin ba ya maye gurbin sange ko CPS, tare ake so su tafi. Ga sauro ya saba da maganin tsofaffin sange, shi ya sa a 2023 OMS ta ba da shawarar sabbin masu magani biyu, waɗanda sun fi tsada. Ga alamun ƙwayar cutar ta fara jure ma artemisinin, ginshiƙin maganin palu na yanzu, a Ruwanda da Uganda da Eritiriya, mu da muka ga yadda nibakin, tsohon maganin palu, ta mutu a hannunmu mun san ma'anar wannan. Ana iya gamawa da palu kam, Aljeriya maƙwabciyarmu ta samu takardar shaida a 2019, Kap Bar da Masar a 2024, amma kowace da shekarun da ta yi tana bin mara lafiya ɗaya-ɗaya.

Wa ke biyan kuɗin yaƙi da palu, kuma mi ya shafe ni?

Ya shafe ka domin nan ne aikin yake yanzu. Yawancin sange da magani da abin gwaji kuɗin waje ne. Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da palu da aka kafa a 2002 shi ke ba da fiye da rabin tallafin ƙasa da ƙasa na palu, sai shirin shugaban Amurka, PMI, na 2005, wanda Nijar ta shiga a 2017. A 2025 Amurka ta zaftare tallafinta na waje kowa ya ji a jikinshi. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, kaɗan ne suka taɓa cikawa, a Maris 2024 kuma ministocin lafiya na ƙasashen da palu ya fi addaba suka sake sa hannu a Yawunde. In kuɗi ya ragu dole a zaɓa, wace gunduma za ta samu sabon sange, ina za a ƙara zagaye, ina za a rage. In ba mu da masu iya wannan lissafin wani za a ɗauko daga waje ya yi mana cikin sati biyu a otel ya koma. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni nake cewa ya rungumi darasin kuɗi ko da ba ya son shi.

Ni mace ce, da aure da yara biyu. Zai yiwu?

Ƙanwata zai yiwu, na ga waɗanda suka yi, amma shawarar gida ita ce dosiyenki na farko, a zauna da maigida da iyaye tun kafin a nema, ba sai takarda ta fito ba. Yawancin burs na mutum ɗaya ne, ba sa ɗaukar iyali. Mastar ta shekara guda, ko ta kusa kamar Wida, ko ta nesa da aka ambata a amsar makarantu, sun fi sauƙin shawo kai. Kuma masu ba da burs da yawa suna neman mata da gaske. Aikin nan kusan duk a cikin gidaje yake, inda ni sai na yi sallama na jira a zaure, ke ko kai tsaye za ki shige.

In na dawo aiki na jira na?

Ba lallai ba. In ma'aikacin gwamnati ne ka tabbatar ka samu izinin tafiya karatu a rubuce kafin ka tashi, kada ka dawo ka tarar an cire sunanka. Wuraren aiki akwai, PNLP, hukumar lafiya ta jiha, gundumomi, OMS, Unicef, ƙungiyoyin agaji, cibiyoyin bincike, koyarwa a jami'a, amma za ka iya dawowa a maida ka kujerar da ka bari na tsawon shekara ko fiye.

Taron farko da na yi bayan dawowa, na shirya zane-zane masu launi na yi bayani minti arba'in a kan yadda za a gyara bin sawun yara. Da na gama wani tsohon majo, wanda ya fara aiki tun ina firamare, ya ce to ɗana mun ji kuma ya yi kyau, amma babur ɗinmu wata biyu ba taya. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban ji daɗi ba. Sati na gaba na je wajenshi muka zauna da takarda muka lissafa taya da mai da kuɗin 'yan rabo, muka rage shirin ya koma ƙauyuka shida, shi aka fara yi.

Yanzu ina CSI, damina na tafe. Mi zan fara?

Sayi littafi na jika guda ka riƙa rubuta abin da ke faruwa da kwanan wata, ranar da abin gwaji ya ƙare da ranar da ya dawo, yara nawa aka tura babban asibiti, nawa suka isa, mi iyaye mata ke cewa da bakinsu, ban da sunan kowa. Daga nan wasiƙarka da memwar ɗinka za su fito. Fara turancin yau. Yawancin burs na Turai tsakanin Agusta da Fabrairu ake buɗe su don karatun shekara mai zuwa, wato suna faɗowa daidai lokacin da aiki ya fi yi maka yawa, don haka takardun maki da fassara a gama su tun kafin ruwan farko. Fasfo kuma ka duba ranar mutuwarshi, na ga wanda gurbi ya fito mishi ya tarar saura wata huɗu.